Ba D&D Kaɗai Ba Ne Wasa: Mu Ɗanɗana Miyar Maƙwabta



Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai na ce bari in amayar da ita, ko da abokaina za su ce na yi musu tonon silili. Maganar ta wasa ce, amma wasan da ya kusa wargaza zaman shekara huɗu. Mu shida ne muke haɗuwa duk daren Asabar bayan Isha'i a wani ɗaki nan Sabo ta Ibadan, a kawo shayi da burodi, a baje takardu a kan tebur, mu yi wasan nan da ake kira Dungeons & Dragons, wanda aka fi sani da D&D. A bara sai da muka koma mu uku. Ba faɗa aka yi ba, babu kuma wanda ya bar gari. Gajiya ce kawai, irin ta mutumin da aka yi shekara huɗu ana ba shi tuwo da miyar kuka safe da dare. Abin da ya dawo da mu shi ne mun ajiye D&D na ɗan lokaci mun gwada waɗansu wasannin, kuma ra'ayina ke nan a yau: duk teburin da ya liƙe wa tsari guda, komai kyansa, to yana cutar kansa.

Ga wanda bai san abin ba, bari in ɗan yi bayani. Ka ɗauka tatsuniya ce, amma maimakon kaka ta riƙa ba da labari ita kaɗai jikoki na saurare, sai kowane mai sauraro ya ɗauki mutum guda a cikin labarin ya zama shi ne bakinsa. Mutum ɗaya, wanda muke kira jagora, shi ke bayyana gari da daji da mutanen da aka tarar. Sai ya ce, "Kun iso bakin kogi, ga mai fito yana neman kuɗin da ya fi ƙarfinku, me za ku yi?" Wani ya ce zai roƙe shi, wani ya ce zai sace kwale-kwalen da dare. Idan abin da mutum ya ce zai yi yana da haɗari, sai a jefa ɗan ludo, lambar da ta fito ita za ta nuna ko ya dace ko bai dace ba. Ba a sa kuɗi, babu kuma wanda yake cinye wani. Ƙa'idojin da ke faɗin yaushe za a jefa, da yadda za a karanta abin da ya fito, su ake nufi da tsarin wasa. Tsare-tsaren nan kuwa ɗaruruwa ne, D&D ɗaya ne kawai daga ciki.

To amma shi ne babban yaya, wannan babu musu. Wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, su suka fito da shi a 1974 a ƙarƙashin kamfanin TSR. Kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997, shi kuma Hasbro ya sayi Wizards a 1999. Bugu na biyar, wanda akasarinmu muka koya, ya fito a 2014, aka yi masa kwaskwarima a 2024. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe a nan shi ne asalin wasan. D&D ya samo tushe ne daga wasannin yaƙi da ake yi da 'yan ƙananan gumakan sojoji a kan tebur, musamman wani mai suna Chainmail na 1971. Wato jininsa jinin yaƙi ne, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ka buɗe littafin 'yan wasa ka duba takardar da ake rubuta bayanin gwarzonka: ƙarfin sulke, yawan saran da zai iya ɗauka kafin ya faɗi, irin ɓarnar da takobinsa ke yi. Littafi guda cur daga cikin manyan littattafansa uku na dodanni ne da za a yaƙa. Ciniki kuwa, ko lallashi, ko neman sulhu, galibi jifa ɗaya ce a wuce wurin.

Ni ban gane nauyin wannan ba sai ranar da na yi niyyar shirya mana labarin fatake. Kakana na wajen uwa ya sha ba mu labarin da ya ji daga nasa kakan, na ayarin da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja kafin jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911. A ɗora wa jakai kanwa da tufafi da fatu, a yi watanni a hanya, a ƙetare Kwara, a ratsa ƙasar Bargu, har a sauka Salaga a sayo goro. Madugu ne shugaba, jagaba na gaba yana duba hanya. Kowane sarki aka bi ta ƙasarsa sai an yi masa gaisuwa, kowane kogi sai an biya fito, a kowane zango kuma sai an duba huhun goro an yayyafa masa ruwa an tsince wanda ya soma lalacewa, don kada ya ɓata sauran. Na ce a raina, abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Wannan ai labarinmu ne, mu da goro da shanu suka kawo iyayenmu kurmi. Na yi wata guda ina zana taswira ina tsara farashi.

Daren farko abin ya watse. Na ce guzuri ya soma ƙarewa, sai wani ya ce ai mutuminsa yana da siddabarun da ake kira Goodberry, wanda ke fito da 'ya'yan itace goma, kowanne ɗaya ya ishi mutum abincin yini. Na ce rijiyar zangon ta ƙafe, wani ya ce yana da siddabarun da ke kawo galan goma na ruwa. Na ce hanya ta rikice, mai riƙe da maharbi ya karanto mini ƙa'idar bugun 2014 da ta ce ayarinsa ba ya ɓata a irin dajin da ya saba da shi, sai dai in sihiri aka yi musu. Duk waɗannan tun a matakin farko ake samunsu. Da muka iso wajen sarkin da ke neman gaisuwa mai tsada, na gyara zama ina jiran ciniki, sai ƙanena ya tambaye ni, "Yaya, dogarawansa nawa ne?" Aka yi awa biyu ana yaƙi, suka kashe sarki, suka kwashe taskarsa. Goro kuwa ba a sake ambatonsa ba.

Na ji haushi ƙwarai a daren, har na yi kwana biyu ba na amsa wayar ƙanen nawa. Daga baya na gane ba laifinsu ba ne. Sun yi abin da littafi ya koya musu ne. Wasan da ya ba ka makamai iri-iri, ya kuma ce akasarin makin ƙarin girma daga kayar da abokin gaba ake samunsa, to ya riga ya gaya maka abin da yake so ka yi. Wannan shi ne ginshiƙin maganata: ƙa'idojin wasa ba 'yan kallo ba ne, su ke jan akalar labari. Abin da tsari ya auna shi mutane za su kula da shi, abin da ya ƙyale su ma su ƙyale.

Wani zai ce ai sai a nemo D&D na Afirka. Akwai su kuwa, kuma na yaba wa waɗanda suka yi. Akwai Nyambe na 2002, akwai Spears of the Dawn na Kevin Crawford, akwai The Wagadu Chronicles na Allan Cudicio. Sun kawo sunaye da sutura da dodanni daga al'adun nahiyarmu, abin da ya fi a ce kullum jarumi Bature ne a cikin sulken ƙarfe. Amma dukkansu a kan ƙashin D&D aka gina su. Riga aka sauya, jikin yana nan. In matsalarka ita ce kana son ganin mai kama da kai a cikin littafi, za su yi maka magani. In kuwa matsalarka ita ce kowane labari sai ya ƙare da sara da suka, to sai ka fita daga gidan baki ɗaya.

Wanda ya fara fitar da mu shi ne wani wasan Japan mai suna Ryuutama, wanda Atsuhiro Okada ya rubuta a 2007, aka fassara shi zuwa Turanci a 2015. A cikinsa ba jarumawa ake zaɓa ba, matafiya ne: ɗan kasuwa, manomi, mai magani, maharbi, mai sana'ar hannu, mawaƙi, ɗan sarauta. Kowace rana a cikin labari sai an yi jifa don a ga yadda kowa ya tashi da lafiyar jiki, a yi ta wahalar hanya, a yi ta gane alƙibla, a yi ta kafa zango da dare, kuma yanayin ƙasa da na sama su ke nuna tsananin kowace jifa. Akwai mai riƙe da lissafin abinci da ruwa, akwai mai zana taswira, akwai mai rubuta abin da ya faru. Da muka maimaita labarin Gwanja da shi, mutanen da suka kashe sarki su ne suka yi rabin awa suna gardama a kan ko a sayar da jakin da ya yi ɗingishi ko a rage masa kaya. Ƙanena, mai tambayar yawan dogarawa, shi ya riƙe lissafin guzuri, kuma ranar da ruwan sama ya tsare su kwana uku a zango ya fi kowa tashin hankali. Mutanen dai su ne, labarin shi ne, jagoran ma ni ne. Ƙa'ida kawai aka sauya. In kiɗa ya sauya, rawa ma dole ta sauya.

Daga nan sai muka riƙa leƙa gidaje ɗaya bayan ɗaya. Call of Cthulhu na kamfanin Chaosium, wanda ya fito a 1981, na ban tsoro ne da bincike. Kai ba kowa ba ne, malamin makaranta ne ko ɗan jarida a shekarun 1920, kuma kowace ƙwarewa taka kashi ce cikin ɗari: in kana da 60 a binciken takardu, sai ka jefa 60 ko ƙasa da haka. Banda lafiyar jiki akwai ma'aunin hankali, wanda ke raguwa duk lokacin da ka ga abin da bai kamata ɗan'adam ya gani ba. A nan wanda ya zare makami shi ke fara mutuwa, gudu kuwa ba abin kunya ba ne. Akwai kuma Traveller na Marc Miller, na 1977, inda kuke da jirgin sama-jannati na fatauci da bashin banki na shekara 40 a kansa. Wani abokinmu da ke biyan kuɗin motarsa kaɗan-kaɗan duk ƙarshen wata ya yi dariya har da hawaye, ya ce shi ya zo hutawa ne aka sake haɗa shi da mai bin bashi. Amma shi ya fi kowa iya wasan, domin ya san abin da ake nufi da neman lodi kafin wata ya mutu.

Wanda ya fi sauya mini tunani shi ne Apocalypse World na Vincent da Meguey Baker, na 2010, da sauran wasannin da suka biyo sawunsa. A D&D ana jefa ɗan ludo mai fuska 20, ko ka ci ko ka faɗi, in ka faɗi kuma sau da yawa babu abin da ya faru, sai na gaba ya gwada. A wannan kuwa 'ya'yan ludo biyu na gida ake jefawa a haɗa. In ka samu 10 ko fiye, ka dace. In 6 ne ko ƙasa, jagora zai jefo maka wata matsala. In kuwa tsakanin 7 da 9 ne, ka samu abin da kake so amma da tsada. Ka yi lissafi da kanka: cikin hanyoyi 36 da biyun za su iya faɗuwa, 15 suna wannan tsakiyar ne. Wato sau da yawa za ka ji an ce, "Mai fito ya yarda ya ƙetare da ku, amma sai kun bar masa jaki ɗaya jingina." Wannan ai ita ce rayuwa kamar yadda muka san ta a kasuwa. Shi ma Blades in the Dark na John Harper, na 2017, ya kawo wata dabara. Maimakon a yi awa biyu ana tsara yadda za a shiga gidan attajiri, sai a faɗa ciki kai tsaye, in an ci karo da mai gadi wani ya ce, "Ai tun jiya na ba shi na goro," a jefa a ga ko hakan ta yiwu.

Kada in yi muku ƙarya in ce duk wanda muka gwada ya karɓe mu. Fiasco na Jason Morningstar, na 2009, ba shi da jagora sam, kowa ke ƙirƙiro rikicin da zai hallaka nasa mutumin, ana gamawa a zama ɗaya. Ana yabonsa sosai, amma a teburinmu ya mutu murus. Akwai wa da ƙani a cikinmu, akwai wanda ya girme mu da shekara goma, kuma wasan yana son a yi cin amana da rashin kunya a fili. Kowa sai ya noƙe. Ban ɗauki wannan asara ba, domin a daren ne muka gane muna son jagora a tsakani, wanda za a ɗora wa laifin muguntar labari.

Yanzu bari in zo kan hujjojin masu cewa a bar kaza cikin gashinta, don suna da gaskiyarsu. Na farko, sun ce koyon sabon tsari wahala ne, mutum ya dawo daga kasuwa a gajiye ba zai zauna karatun shafi ɗari uku da Turanci ba. Haka ne, amma D&D ne ya sa muka ɗauka kowane wasa haka yake. Lasers & Feelings, shi ma na John Harper, shafi ɗaya ne tak, kyauta yake a intanet, kuma mutuminka lamba ɗaya gare shi tsakanin 2 da 5. Na biyu, sun ce D&D ne kowa ya sani, shi ake gani a Stranger Things da Critical Role, shi aka yi wa fim a 2023, a shekarar kuma wasan kwamfuta na Baldur's Gate 3 ya ƙara masa suna. Gaskiya ne, in baƙi kake nema shi ne ƙofa. Amma mu ba baƙi muke nema ba, mu shida ne mun san juna. Na uku, sun ce an riga an kashe kuɗi. To ai littattafan ba za su ruɓe ba, muna komawa gare su duk lokacin da muka yi marmarin yaƙi, kuma har gobe ban ga wanda ya fi shi iya wannan ba.

Maganar kuɗi ma a wurina hujja ce ta fita, ba ta zama ba. Manyan littattafan D&D uku ne, kowanne kusan dala 50, ga kuɗin kawowa, ga 'ya'yan ludo na musamman guda bakwai masu fuska 4 da 8 da 12 da 20 da sauransu, waɗanda ba a shagon unguwa ake samunsu ba. Mai fuska shida kuwa yana cikin kwalin ludon kowane gida. Ba mu muka fara shiga wannan hali ba. A Japan, Sword World da ya fito a 1989 an gina shi ne a kan 'ya'yan ludo biyu na gida, a lokacin da masu fuskoki da yawa ke da wuyar samu a can, kuma ya zama ɗaya daga cikin wasannin da suka fi karɓuwa a ƙasar. Jamusawa ma suna da nasu tun 1984, Das Schwarze Auge. Kowa ya duba halin gidansa ya ɗinka rigar da ta yi masa daidai. Sannan abin da ya faru a watan Janairun 2023 ya isa darasi. Kamfanin Wizards ya yi yunƙurin soke lasisin da tun 2000 ya ba ƙananan mawallafa damar yin littattafai a kan ƙa'idojinsa, sai da 'yan wasa suka yi ca a kansa kafin ya janye a ƙarshen watan. Wanda bai san kowane wasa ba sai na kamfani guda, ranar da kamfanin ya juya masa baya ina zai nufa?

Akwai wasu abubuwa biyu da suka shafe mu mu kaɗai. Na farko, ina da abokai da suka ƙi zama da mu saboda allolin ƙarya da bokaye da suka cika D&D, wasu kuma jifar ɗan ludon ce ba su natsu da ita ba. Ni ba malami ba ne, ba zan ba da fatawa ba, kowa ya tambayi malaminsa. Abin da na sani shi ne Traveller babu ruwansa da alloli, kuma akwai wasannin da ba a jifa a cikinsu ko kaɗan, kamar Amber Diceless na 1991, ko Dread wanda ake zare katako daga hasumiyar Jenga. Na biyu shi ne harshe. Muna D&D rabin maganarmu Turanci ce, don sunayen siddabaru da ƙa'idoji sun fi ƙarfin fassara a tsaye. Da muka koma wasanni masu gajerun ƙa'idoji, sai na juya su zuwa Hausa a takarda ɗaya. Ɗan yayata, wanda aka haifa a nan, Yarabancinsa ya fi Hausarsa kaifi, a teburin nan ya fara jin kalmomin madugu da jagaba da fito da huhu, kuma da ya je gida sai da ya titsiye kakarsa da tambaya.

Shawarata ga duk mai irin wannan zama, a Agege yake ko Shagamu ko Fatakwal, ba wai ya yar da D&D ba ce. Ya keɓe dare ɗaya a wata don baƙon wasa. A zaɓi gajere wanda za a gama a zama ɗaya, mutum ɗaya ya karanta ya koya wa saura a bakin tebur, kuma a ba wani dabam jagoranci don mai yi kullum ya huta. Kafin a zaɓa a fara tambayar juna wane irin labari ake marmari, na tsoro ko na fatauci ko na rikicin gado a gidan sarauta, sannan a nemo tsarin da aka gina don shi. In bai yi daɗi ba an yi asarar dare ɗaya da butar shayi, shi ke nan.

Maƙwabtanmu Yarabawa suna da wani karin magana, wai yaron da bai taɓa zuwa gonar uban wani ba shi ke cewa ta ubansa ta fi kowace girma. Mu da muka baro gida muka koyi cin amala da ewedu ba tare da mun manta tuwon dawa ba, bai kamata a ce a kan tebur ne za mu kasa ɗanɗana miyar maƙwabta ba. Yanzu mun koma mu shida, har da ƙarin ɗan yayar nan tawa. Ayarinmu na Gwanja yana bakin Kwara a hanyar dawowa, jakai biyu sun mutu, goron kuma ya soma laushi, ga mai fito ya ƙi rage ko wuri ɗaya. Asabar mai zuwa za mu san yadda za ta kaya.

Allah ya bar zumunci, ya sa mu dace. Sai wani jiƙon.